Sai Masu Gida: Zamana da Pillars ta Ƙwallon Kwando

In aka ambaci Kano Pillars, hankalin yawancin mutane kan tafi ne ga ƙwallon ƙafa, ga babban filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da dubban 'yan kallon da ke cika shi ranar Lahadi. Amma a cikin harabar nan akwai wani rufaffen ɗakin wasa da Kanawa ke kira Indo, kuma a cikinsa akwai wata Pillars ɗin, ta ƙwallon kwando. Ita ce tawa. Tun ban kai tsawon da zan hango fili ba sai an ɗaga ni nake binta, yau ga furfura ta fara fitowa, ban sauya ba.

Gadon abin na yi daga ƙanen mahaifiyata. Kawu dogo ne siriri, ya taɓa wasan a makarantar kwana, kuma bai daina sonsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, Allah Ya jiƙansa. Shi ne yake riƙo hannuna mu fito daga Yakasai, mu wuce ta gefen marinar Ƙofar Mata, ya saya mini rake ko dafaffiyar gyaɗa a bakin ƙofa, sannan mu shiga. Abin da ya fara kama ni a ciki ƙara ne: ƙarar takalma suna kartar daɓe, bugun ƙwallo dum-dum yana amsa kuwwa a rufi, da usur ɗin alƙalin wasa mai shiga har cikin kai. A babban fili daga nesa kake hango ɗan wasa. A Indo kuwa guminsa kake gani yana ɗiga, kana jin hakinsa, kana jin abin da koci ke faɗa masa. In ka kira sunansa zai iya waiwayowa ya dube ka.

A kan bencin nan Kawu ya koya mini wasan. Mutum biyar-biyar, tsayin kwando ƙafa goma daga ƙasa, jifa daga bayan layi maki uku, daga ciki maki biyu. A lokacin rabi biyu ake yi, minti ashirin-ashirin, sai a shekarar 2000 aka mayar da shi kashi huɗu na minti goma-goma, aka kuma rage wa'adin kai hari daga daƙiƙa 30 zuwa 24. Kawu bai taɓa yarda da wannan sauyi ba, yana cewa an sa wa wasan gaggawa. Yakan taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗana, daina bin ƙwallo da ido. Dubi wanda ba ta hannunsa, shi ne zai ci." Da muka koma gida, ni da yaran layinmu muka samo tsohon bokiti da gindinsa ya cire, muka kafe shi da ƙusa a jikin darbejiya, muka yi ta jifa har a kira magariba a kore mu zuwa masallaci.

Zamanin nan ne kaset ɗin bidiyo na wasannin Amurka ya cika gari. Kowane yaro yana son zama Michael Jordan, wanda ya ci kofi shida da Chicago Bulls tsakanin 1991 da 1998. Muna kuma alfahari da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya kai Houston ga kofi a 1994 da 1995. Na kalle su, na yi mamakinsu, har yau ina girmama su. Sai dai ban taɓa kasa cin tuwon dare don Chicago ta faɗi ba. Pillars kuwa in aka doke ta a gida, ko magana ba na son yi. 'Yan wasanta mutanen da muke haɗuwa da su ne a kasuwa da masallacin Juma'a. Wasu 'yan cikin gari ne, wasu 'yan Sabon Gari, wasu daga Jos ko Binuwai ko kudu suka zo, amma da sun sa rigar sun zama namu. A kan bencin Indo na fara zama kafaɗa da kafaɗa da Bayarabe da Ibo muna ihu da murya ɗaya, "Sai Masu Gida!", ba wanda ya tambayi wani daga ina yake.

Mun yi shekaru muna kallon ƙungiyoyin Legas da na wasu garuruwa suna ɗaukar kofi, mu muna komawa gida da haƙuri. Sai Allah Ya kawo lokacinmu. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, ta maimaita a 2009 da 2010, sau uku a jere. Royal Hoopers ta Fatakwal ta karɓe a 2011 da 2012, muka ƙwato a 2013 da 2014. Mark Mentors ta Abuja ta ɗauka a 2015, muka sake dawowa a 2016 da 2017. Kofi bakwai cikin shekara goma. A 2008 da 2013 da 2014 ma har da ƙari, domin 'yan ƙwallon ƙafa su ma sun ci tasu gasar, kofi biyu suka kwana a Kano a shekara guda.

Wanda bai ga wancan zamani ba da wuya ya gane yadda Indo ke zama. An raba gasar shiyya biyu, Savannah ta arewa da Atlantic ta kudu, don haka kafin a je wasannin ƙarshe sai mun gama da maƙwabta, irin su Gombe Bulls da Plateau Peaks da Niger Potters. Koci Sani Ahmed yana tsaye a bakin layi, da wuya ka ga ya zauna. Abubakar Usman yana riƙe da ƙwallo a tsakiyar fili, ya ɗaga yatsu ya nuna dabarar da za a yi, ba ya gaggawa ko da agogo na ƙarewa. Abdul Yahaya yana ƙarƙashin kwando, in ya kafa ƙafa ture shi sai an shirya. In aka jefa ta maki uku, ɗakin kan yi tsit tana sama, da ta faɗa raga sai ganguna su ɓarke, wanda ba ka taɓa gani ba ya rungume ka. A ƙarshen 2016 'yan Pillars suka tafi Alƙahira gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka, inda Al Ahly ta Masar ta ɗauki kofi, Pillars ta zo ta uku. A waya muka bi sakamakon, muna zaune a majalisa, kowa ya miƙo wuya kan wayar mutum ɗaya. Ranar na yi kewar Kawu ƙwarai, don bai kai ganin wannan ba.

Daga nan al'amura suka juya. A watan Yunin 2017 shugabancin wasan a ƙasa ya rabu gida biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano, wani a Abuja. Rigimar ta ja lokaci, gasar cikin gida ta yi ta tangal-tangal, masu zuba kuɗi suka ja da baya, 'yan wasa da yawa suka watse neman abinci. Da aka buɗe sabuwar gasar Afirka ta BAL a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ce ta wakilci Najeriya, a 2023 kuma Kwara Falcons. Na yi musu fatan alheri, amma raina ya sosu, domin a ganina da an fara gasar nan shekara biyar kafin lokacin, sunan Kano za a ji.

Abokai kan tambaye ni me nake nema har yanzu a wurin, alhali ga wasannin Amurka a waya kowane dare. Amsata ɗaya ce: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Son ƙungiya a shekarar da take cin kofi ba ya buƙatar komai daga gare ka. Ana gane masoyi ne a shekarar da benci ya zama fayau, sai 'yan tsiraru da suka san juna da fuska. Ina zuwa duk lokacin da na ji akwai wasa, kuma yanzu ni ke riƙo hannun 'ya'yana, mazansu da matansu. Yaran Kano ba su daina tsawo ba, ba su kuma daina jifa ba. Duk wanda ya zaga filayen makarantu da yamma zai gan su. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin Amurka a 2019, a Zariya ya tashi, nan kusa da mu. Abin da yaranmu ke buƙata shi ne ƙungiyar gida mai ƙarfi da za su ɗaga kai su kalla.

Don haka kirana ga gwamnati da attajiran Kano shi ne su riƙe ƙungiyar nan da muhimmanci, su biya 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari, su kula da ɗakin wasan. Ku kuma 'yan'uwana da muka yi ihu tare a shekarun kofi, ku dawo Indo, kowa ya zo da ɗansa ko ƙanensa. Ƙungiyar da ta kawo wa Kano kofi bakwai ta cancanci wannan daga gare mu.