Kafin ku biya kuɗin sansanin kiɗa na hutun bazara

Wannan rubutu na 'yan uwanmu iyaye ne mazauna Amurka, waɗanda ɗansu ko 'yarsu ya kafe cewa kiɗa zai karanta a jami'a. Ku daure ku karanta har ƙarshe, don wajen watan Janairu zuwa Fabrairu ake rufe karɓar takardu a yawancin sansanonin.

Sunayen da za ku fi ji ba su da yawa. Akwai Interlochen a jihar Michigan, wanda Joseph Maddy ya kafa a 1928. Akwai shirin Jami'ar Boston na Tanglewood a garin Lenox, tun 1966, daf da inda makaɗan Boston Symphony ke yin bazararsu. Akwai Brevard a North Carolina, sai Meadowmount a jihar New York, wadda Ivan Galamian ya buɗe a 1944 don masu goge irin na Turawa. Duk wurare ne masu daraja, amma darajar wuri ba ta shigar da yaro jami'a.

Makarantu irin Juilliard da Curtis da kunne suke ɗaukar ɗalibi. Yawancin irinsu sukan nemi bidiyon tantancewa zuwa 1 ga Disamba. Wanda ya haye sai a kira shi tsakanin Janairu da Maris ya tsaya gaban malamai ya yi kiɗa na 'yan mintoci. Abin da hannunsa ya fitar a wannan ɗan lokaci ya fi duk jerin sunayen da ke takardarsa nauyi.

Saboda haka ku fara da tambayar wa zai koyar da shi. A gida ma idan ana son sanin zurfin almajiri, cewa ake yi a hannun wa ya yi karatu. A jami'a malami ɗaya ne zai riƙa zama da yaro kowane mako har shekara huɗu, kuma da yawa cikin malaman nan su ne ke koyarwa a sansanoni. Mako shida a gaban mutum ya isa yaro ya gane ko jininsu ya haɗu, shi ma malamin ya san hannun da zai sake ji ranar gwaji. Ku bincika ko malamin da aka buga hotonsa zai zauna duk tsawon shirin, ko mako ɗaya zai leƙo ya wuce.

Sai ku duba yadda yini ke tafiya a can. Sansanin da ya dogara kan babbar ƙungiyar makaɗa yana cinye awanni a atisayen haɗin gwiwa. Hakan yana da kyau ga ɗan shekara 14 ko 15 mai buƙatar koyon sauraren na kusa da shi. Amma wanda zai shiga ajin ƙarshe na sakandare lokaci yake nema ya gyara kiɗe-kiɗen da zai kai gwaji. Meadowmount ta yi suna ne kan wannan: mako bakwai, kimanin awa biyar na atisaye kullum, kowa shi kaɗai a ɗakinsa. Shahararrun makaɗa Itzhak Perlman da Yo-Yo Ma duk sun bi ta nan. Mai son jaz ko kiɗan zamani kuwa, shirin mako biyar na Berklee a Boston ya fi dacewa da shi.

Batun kuɗi ba na wasa ba ne. Mako shida a babban sansani kan tasar ma dala 10,000. Ku nemi tallafi tun ranar cike takarda, ku kuma gwada shirin makaɗa matasa na NYO-USA da Carnegie Hall ta fara a 2013, kyauta ne ga 'yan shekara 16 zuwa 19 da suka ci tantancewa. Kada ku ƙarar da aljihu a bazara, don tafiye-tafiyen gwaji na nan tafe da kuɗin jirgi da na masauki.

Wani yaron zai dawo son kiɗa ya ƙara kama shi. Wani zai dawo ya ce ya ga masu son abin fiye da shi, gara ya karanta wani fanni ya bar kiɗa a matsayin sha'awa. Kada ku ɗauki na biyun a matsayin asara. Gane hakan a mako shida ya fi gane shi bayan an ci bashin karatun shekara huɗu.

Ku zauna da malamin yaron na yanzu, ku fitar da sunayen malamai uku da suka dace da shi, sannan ku nemo inda kowannensu ke koyarwa a bazara. Allah ya yi wa zuri'a albarka.