Furen da ya buɗe mana cikin hunturu

A tsakar gidanmu a Gayam akwai wata tsohuwar tukunya rataye a reshen mangwaro. Abin da ke cikinta ba a ƙasa yake tsirowa ba, a bisa itace ne. Tsofaffi suna ce masa manta uwa, wai dā akan jiƙa wa yaron da aka yaye domin ya manta da nono. Mu dai ba mu taɓa ba yaranmu ba. Masana suna kiransa Ansellia africana, don tunawa da John Ansell, Baturen da ya same shi a tsibirin Fernando Po a 1841.

Mun tsince shi ne ranar da masu gawayi suka sare wani babban itace a bakin gonarmu ta daji. Ga shi kwance cikin rana, jijiyoyinsa farare sun miƙe sama kamar kwando. Maƙwabcinmu ya ce kauci ne, mu jefar. Ba kauci ba ne. Kauci yakan sha ruwan jikin itace har ya raunana shi, amma wannan wurin zama kaɗai yake nema. Kwandon nan shi ke tare busasshen ganye, ganyen ya ruɓe ya zama abincinsa.

Da muka kawo shi gida muka yi masa abin da mukan yi wa tumatir: ƙasa mai taki, ruwa safe da yamma. Kafin wata biyu rabin jijiyoyin sun yi baƙi sun ruɓe. Da kunya muka tone shi, muka yanke ruɓaɓɓun, muka huda tukunya ta ko'ina, muka zuba gutsattsarin gawayi da ɓawon itace, ba ƙasa ko kaɗan. Muka rataye shi inda hasken safe ke samunsa.

Ya rayu, amma shekara biyu ba fure. Ashe har yanzu ruwa ya yi yawa. Sandunansa masu kama da rake suna ajiye ruwan damina, sai ya ji fari kāna ya yi fure. A shekara ta uku, daga Nuwamba muka janye hannu, sai ɗan yayyafi sau ɗaya a mako. Da wuya ƙwarai, gama ƙananan ganyen suna zuba, yara kuwa suna cewa mun bar shi ya mutu.

A lokacin nan 'yan bindiga sun hana mu zuwa wannan gona, dajin Kamuku ma sai dai mu ji labarinsa. Abin da ya rage mana na daji ke nan.

Mako biyu bayan Kirsimati, cikin hazo da sanyi, ya fid da kara ɗaya mai fure goma sha bakwai, rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Ranar Lahadi muka sauko da tukunyar, yara biyu suka ɗauke ta zuwa majami'a. Maƙwabcin nan ya riga ya roƙi sanda uku, mun ce ya jira sai furen ya zube.