Ganau da Jiyau a Ɗakin Tace Sauti

Wata rana edita ya maido mini da rahoton rediyo da na kwana ina tacewa a gida. Ya ce muryoyin dattawan da na zanta da su sun sirance, kamar ta waya suke magana. Ni na jawo hakan: a ɗakina muryoyin sun yi ta gurnani, sai na zabge kaurinsu. Nan take na ɗora wa sabuwar lasifikata laifi, har na yi niyyar mayar wa mai shago kayansa. Sai ɗabi'ar aikin jarida ta hana ni yanke hukunci ba bincike.

Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗa iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Ma'aunin shi ne Hz. Lasifika ta gari ita ce wadda ke fitar da kauri da siranta da ƙarfi kusan ɗaya. Don in auna tawa, na ari makirufon awo, na sauke manhajar REW, wadda kyauta ce. Manhajar takan sa lasifika ta yi shewa mai hawa daga ƙasa zuwa sama, sannan ta zana ƙarfin kowane mataki. Zanen farko ya fito da tuddai da kwaruruka.

Sai dai makirufon bai ji lasifika ita kaɗai ba. Sautin da ya zo kai tsaye shi ne ganau. Wanda ya bugi daɓe ko bango ya dawo, jiyau ne. Lokaci ne ke raba su, domin sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Na ajiye lasifika da makirufo a tsakiyar ɗaki, mita 1 tsakaninsu, kowanne mita 1.2 daga ƙasa. Sautin da ya bi ta daɓe sai ya yi tafiyar mita 2.6, wato ya makara da kashi 4.7 cikin dubu na daƙiƙa. Na umarci manhajar ta rufe ƙofa kafin isowarsa. Tuddan suka baje. A kan wannan hanya ta tace sauti da lokaci Richard Heyser ya yi rubutu tun 1967.

Dabarar tana da iyaka: gajeren lokaci irin wannan ba ya isa a tantance abin da ke ƙasa da kusan 200 Hz. A nan na bi hanyar da Don Keele ya bayyana a 1974, na matso da makirufo dab da bakin lasifika, inda muryarta ke danne ta ɗaki. Gurnanin bai bayyana ba.

Ashe ɗakin ne mai laifi. Tsawonsa mita 4 ne, saboda haka iskar da ke tsakanin bangayensa tana amsa 43 Hz, da 86, da 129. Biyun ƙarshe a cikin muryar namiji suke, ga kuma teburina manne da bango, inda suka fi taruwa. Na janye teburin, na sake tace rahoton, edita ya karɓa.

Har yanzu, kafin in taɓa muryar kowa, nakan sa abin saurare a kunne in ji ta ba tare da ɗakin ba. Wanda ya amince ya ba ni muryarsa yana da haƙƙi a kaina ta isa ga jama'a yadda Allah ya yi ta.