Ina Aka Bar Mutanen Tsofaffin Silima?

Zuwa ga Edita,

Tun 1937 aka buɗe Rex a Kano. Ni Plaza ta Fagge na saba zuwa: fili ne ba rufi, sai duhu ya yi a fara, ɗan dako da akawu kowa ya zauna gwargwadon aljihunsa. Kamfanonin zamani ba su waiwayi irin waɗannan gidaje ba. Sun tare a manyan kantuna, ga sanyi ga kujera mai taushi, amma kuɗin shiga ya fi ƙarfin talaka. Mu da muka tsufa muna biya don kallon Indiya, ko ragi ba a yi mana. Ashe tsohon mai ciniki ba shi da hakki? Masu karatu, ku ba ni amsa.