Bindigar Kakanmu

Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka zo ƙidayar abin da ya bari don rabon gado, sai muka tarad da wata tsohuwar bindiga a bayan ƙofar turakarsa, an naɗe ta cikin tsumma. Duk gidanmu ba wanda bai san labarinta ba. Tun muna yara Gwaggo ke gaya mana cewa da ita kakanmu ya yi yaƙin Bama, ya komo da ita gida a 1946. Malamin da zai raba gadon ya ce ba zai raba abin da ba a san kuɗinsa ba, sai a yi mata ƙima tukuna. Kafin kwana uku har wani dillali ya ji labari, ya zo ya taya kuɗin ɗan maraƙi. Ƙanenmu ya ce a sallama. Mu kuwa muka ce a dakata, ba a cinikin biri a sama.

To, da yake mu ne malamin makaranta a gidan, sai aka ɗora mana aikin. Muka fitar da ita tsakar gida da hantsi, muka tabbata ba harsashi a ciki, sa'an nan muka shafa ɗan mai a ƙarfen gefen dama, muka goge da ƙyalle. Sai ga rubutu ya fito. Daga sama akwai kambin sarauta, ƙarƙashinsa V.R., sa'an nan ENFIELD, sa'an nan 1883, can ƙasa kuma III.

Ku 'yan makaranta, ku lura da kyau, don kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da maganarsa. V.R. alamar Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta yi mulkin Ingila daga 1837 zuwa 1901. Enfield gari ne a arewacin Landan, inda maƙerar bindigogin gwamnati take a zamanin nan. 1883 ita ce shekarar da aka ƙera ta, III kuwa watau ƙira ta uku. Irin wannan bindiga sunanta Martini-Henry, sojan Ingila sun karɓe ta a 1871. Martini mutumin Suwizalan ne, shi ya gyara makullin da ke buɗe mazaunin harsashi in an danna mariƙin ƙarfe na ƙasa. Henry kuwa mutumin Sikotilan ne, shi ya tsara zanen nan bakwai da ke murɗe cikin bututun, wanda ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, ya miƙe sosai. Harsashi ɗaya take ci, in an harba sai a sake ɗurawa. Da irinta Ingilishi suka yi yaƙin Zulu a 1879, daga 1888 kuwa suka fara sauya ta da Lee-Metford.

Amma rubutu kaɗai bai isa shaida ba, gama maƙeran kan iyakar Afganistan sun daɗe suna kwaikwayon wannan bindiga har da hatiminta. Akan gane tasu da harafin N da ya juya baya, ko kuwa a ga V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, bayan Sarauniya ta rasu. Muka duba tamu, haruffanta daidai suke, shekararta kuma ta dace. Har wa yau muka ga 'yan kibiyoyi biyu sun haɗa baki da baki. Kibiya ɗaya alamar kayan gwamnatin Ingila ce, biyu masu fuskantar juna kuwa suna nufin soja sun gama da ita, an sayar.

Nan fa jikinmu ya yi sanyi. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a Bama, watau Miyanma ta yau, a 1944 da 1945, Lee-Enfield suka riƙe, mai cin harsashi 10. Wannan tamu ta girmi yaƙin nan da shekara fiye da 60. Bayan haka kuma, soja in an sallame shi yakan mai da bindigarsa ma'aji, ba a barinsa ya tafi da ita gida. Ashe dai kakanmu sayenta ya yi, watakila don farauta, labarin kuwa ya yi ta girma a bakin jikoki.

Saura batun kuɗi. Masu tara tsofaffin makamai abu uku suke dubawa: ko sassan bindiga na asali ne, ko cikin bututun yana da lafiya, ko kuma an taɓa ta da gyara. Tamu an datse icen gabanta, abin saitinta ya ɓace, da muka leƙa bututun a hasken rana tsatsa ta cinye zanen. Ƙanenmu ya ce bari ya kankare ta ta yi ƙyalli, muka hana, don kankara na share hatimi, hatimin kuwa shi kaɗai ya rage mata na daraja. Harba ta kuma ganganci ne, ƙarfen da ya haura shekara 140 da tsatsa ba abin amincewa ba ne.

Abin da ya yanke magana shi ne doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana mutum riƙe bindiga ba lasin, ta kuma hana sayar da ita ga wanda aka ga dama. Muka tambayi dillalin nan takardarsa, ya ce zai kawo, har yau ba mu sake ganinsa ba. Da mun sallama, wa ya san hannun da za ta faɗa a wannan zamani? Magada duka suka yarda a cire ta daga cikin rabo, muka sanar da 'yan sanda, muka roƙi in hali ya yi a miƙa ta gidan adana kayan tarihi.

Gaya wa Gwaggo shi ya fi komai wuya. Muka durƙusa muka yi mata bayani a hankali. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Watau kun ce Baba ƙarya ya yi?" Muka ce, "A'a, Gwaggo, ke kin taɓa ji daga bakinsa?" Ta yi tunani ta ce lalle ba ta taɓa ji ba, shi ba ya son zancen yaƙin ma ko kaɗan. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan gwangwani. Ciki akwai takardarsa ta sallama daga soja, da lambar nan mai tsini shida da ake kira Tauraron Bama. Shekara da shekaru muna ta girmama bindiga, alhali shaidar gaskiya na kwance a ƙasan adakar Gwaggo.

Saboda haka, 'yan makaranta, in kun koma gida hutu, ku duba tsofaffin kayan gidanku, ku karanta abin da ke rubuce jikinsu, ku kuma tambayi tsofaffi tun suna da rai. In kun ci karo da makami kada ku taɓa, ku kira babba. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.