Jiwa Da Birnin Da Aka Gina A Ƙofarta

Jiwa tsohon gari ne mai sarautarsa, yana maƙwabtaka da Gwagwa da Dei-Dei, kuma ya daɗe da kafuwa kafin Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar sabon birnin tarayya ran 3 ga Fabrairu, 1976. Mutanensa sun ga an gina Abuja a kan idonsu. Wani kamfanin Amurka ne ya tsara birnin, Kenzo Tange mutumin Japan ya zana tsakiyarsa, Julius Berger kuwa ya yi manyan hanyoyi da gadoji. Da aka gama sai aka raɗa wa tituna sunayen 'yan gwagwarmaya irin su Malam Aminu Kano da Kwame Nkrumah. Suna namu ne, hannu na baƙi.

Irin wannan ce ta ta da ƙura a Amurka lokacin da aka buɗe wurin tunawa da Martin Luther King a birnin Washinton cikin 2011. Wanda ya sassaƙa siffar, Lei Yixin, mutumin Sin ne, dutsen ma daga can aka kawo shi. Waɗansu baƙaƙen fata masu sassaƙa suka ce an yi musu sakiyar da ba ruwa. To, amma fa King ya ƙare rayuwarsa ne yana yaƙi da auna mutum da launin fatarsa, saboda haka ƙin Lei don launinsa ba hujja ba ce. Kukan da ke da tushe shi ne na wanda kullum ake tsallakewa alhali kuwa ya iya aikin.

Ƙasar da Jiwa take ba ta rasa irin waɗannan hannuwa ba. Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, ta shiga makarantar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954. Baturen ya koya mata na'urar juyi, amma zanen kadangaru da kifaye da ta yi suna da shi daga gida ta zo da abinta. Hotonta na bayan takardar Naira 20, gaban kuwa Murtala ne, wanda ya tsaya a Addis Ababa cikin Janairun 1976 ya goyi bayan Angola a kan sojan mulkin wariyar launin fata. Takardar ta rage daraja ƙwarai.