Lambobin da ke Jikin Harsashi

Kawuna tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, sannan ya dawo Damba, a bakin Gusau, ya kama noma. Da rani, idan mafarauta daga Tsafe da Bungudu suka yada zango a zaurensa, hira ba ta wuce ta bindiga. Yawancinsu harbi-ka-ruga suke riƙewa, a ɗura albarushi a danna dalma, don haka lambobin harsashin Turawa suna ɗaure musu kai.

Wata rana wani dattijo cikinsu ya ce, "Soja, me ya sa harsashin mai-baki-biyu ake ce masa 12?"

Kawu ya ce, "Baba, awo ne. A raba laba ɗaya ta dalma gida 12, a mulmula kowanne. Guda ɗaya shi ne daidai bakin bindigar. Shi ya sa mai 20 ta fi mai 12 ƙanƙantar baki."

Daga nan ya shiga na soja. Ya ce .303 na Ingila, wanda ake sa wa Lee-Enfield, faɗin bakin bindigar ne da ma'aunin inci. Amurkawa kuma sukan liƙa wani abu a baya: a .30-06, lambar ƙarshe shekarar 1906 ce, da sojojinsu suka karɓe shi, a .45-70 kuwa, 70 nauyin albarushin da ke ciki ne. Sauran Turai da milimita suke awo, su ambaci faɗi, su bi da tsawon kwanso. G3 da FN suna cin 7.62x51, AK-47 ta Rasha tana cin 7.62x39.

Na ce, "Kawu, ai duk 7.62 ne."

Ya yi dariya. "Ɗana, faɗi ɗaya, tsawo daban. Wando ba ya yi maka don ƙugu ya zo daidai."

A lokacin, hirar zaure ce kawai. Kawu ya rasu kafin ta'asar 'yan bindiga ta game Zamfara. Bayan da ta game, na ga manoma suna tsinto kwanso a gonakinsu, gajere mai tsukakken wuya, su kawo majalisa a juya shi a hannu. Waɗanda ba su taɓa shiga aji ba sun iya bambance mai 39 da mai 51, domin da shi suke ƙiyasin wanda ya ratsa gonar da dare, su yanke shawarar ko za a fita shuka ko a haƙura.